Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikkilisiyoyin Arewa: Wace Jarumtaka Muke Koya Wa 'Ya'yanmu?

Zuwa ga iyayenmu shugabannin TEKAN da ECWA, da malamanmu na makarantun tauhidi a Bukuru, Jos, Kagoro da Kwarhi, da duk wanda ake ba shi mimbari ranar Lahadi.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da aiki, sannunku da ɗawainiyar garken da aka danƙa muku a wannan zamani mai wuya. Ni ba fasto ba ne, ɗan ikkilisiya ne mai koyar da ajin matasa. Ku yi haƙuri yaro ya buɗe baki a gaban manya, amma maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ku ne masu ikon yin wani abu a kanta.

Duk lokacin da aka kai wa wani ƙauyenmu hari, kusan an san wa'azin da zai biyo baya. Dawuda da Goliyat. Joshuwa a bakin ganuwar Yariko. Gidiyon da mutanensa 300. Maginan Nehemiya, hannu ɗaya na aiki, ɗaya riƙe da makami. Duka suna cikin Littafi Mai Tsarki, ban kuwa ce a daina karanta su ba, domin mutanen da suka kwana a daji suna bukatar a gaya musu Allah bai yashe su ba. Sai dai ni a kujerun baya nake zama, inda samari suke, kuma na ga yadda wa'azin yake sauka a kunnensu. Na zauna kusa da yaran da suka shigo sujada jar ƙasar kabari ba ta gama fita daga faratansu ba, idanu jawur, ba mai rera waƙa a cikinsu. Idan Baba Fasto ya ce Goliyat, ba Bafilisten garin Gat suke gani ba. Mai shayin bakin tasha suke gani, da Bafulatanar da ke kawo nono ranar kasuwa, da direban da zai bi ta hanyarmu da yamma bai san hawa ba bai san sauka ba. Fasto bai faɗi haka ba, bai ma yi nufin haka ba. Amma bai hana ba, yaran kuwa sun lura da wannan.

Shi ya sa nake roƙon ku waiwayi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, nan bayan Kamaru, ku dubi abin da wasu bayin Allah suka yi a lokacin da ƙasarsu ta kama da wuta.

Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka, akasarinsu Musulmi daga arewa maso gabashin ƙasar, tare da mayaƙa daga Chadi da Sudan, suka shiga Bangui suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya naɗa kansa shugaban ƙasa. A watannin da suka biyo baya Kiristocin ƙasar sun ga tashin hankali. An ƙone ƙauyuka, an wawashe majami'u da asibitocin mishan, an yi wa mata fyaɗe, an kashe mutane birjik. A garin Bossangoa kaɗai dubun-dubatar mutane ne suka tare a harabar cocin Katolika don tsira da rai. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce mutanen da zan ambata ba su ɗanɗana irin zafin da muka ɗanɗana ba.

Daga nan 'yan Anti-balaka suka taso. Iyayena, ku lura da asalinsu: ƙungiyoyin tsaron ƙauye ne, irin 'yan bangarmu, waɗanda aka kafa shekarun baya don maganin 'yan fashin hanya. Samari ne da aka kashe wa iyaye, aka ƙone wa rumbuna, suka rataya layu da guraye suka ɗauki adduna da bindigogin toka. Ranar 5 ga Disamba 2013 suka afka wa Bangui. Da Djotodia ya yi murabus ranar 10 ga Janairu 2014, Seleka suka fara ja da baya, suka bar talakawan Musulmi na yammacin ƙasar ba mai kare su: Fulani makiyaya, fatake Hausawa, 'yan asalin Chadi, masu tireda da mahauta, da yawansu a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu. A kansu aka huce. Kafafen yaɗa labarai na duniya suka riƙa kiran maharan mayaƙan Kirista, duk da cewa shugabannin coci sun yi ta cewa ba da yawunsu ba.

A kan babbar hanyar da ta tashi daga Bangui zuwa iyakar Kamaru akwai wani ƙaramin gari, Bossemptele. Akwai asibitin mishan a wurin, mai kula da shi kuwa Fada Bernard Kinvi ne, mutumin Togo, a lokacin shekarunsa talatin da 'yan kai. Yana cikin ƙungiyar limaman Katolika masu jinyar marasa lafiya, waɗanda ake gane su da baƙar doguwar riga mai babban jan gicciye a ƙirji. A zamanin Seleka ya sha barazana, amma idan an kawo masa mayaƙinsu da rauni yakan yi masa magani, idan an kawo ɗan Anti-balaka shi ma haka. Ranar 18 ga Janairu 2014 Anti-balaka suka shiga garin, kuma ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla Musulmi 100 aka kashe a wannan hari. Fada Kinvi bai kulle ƙofa ya shiga ɗaki yin addu'a ba. Ya fita cikin wannan riga tasa, unguwa-unguwa, gida-gida, har cikin daji, yana neman wanda ya rage da numfashi. Masu rauni ya kwaso su zuwa asibiti. Gawarwakin da aka bari a rana ya tattara ya binne, gawarwakin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, a gaban waɗanda suka kashe su suna kallo. Shi da sistocin da ke garin suka buɗe asibiti da makaranta da harabar mishan, Musulmi fiye da 1,000 suka fake a hannunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Manyan motocin kaya sukan wuce zuwa Garoua-Boulai a Kamaru da rakiyar sojojin kiyaye zaman lafiya na Afirka, kuma ba sa daɗewa a tsaye. Mai ƙarfi shi ke iya kama ƙarfe ya haye saman kaya. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka rage a mishan su ne tsofaffi, makafi, guragu, yaran da shan inna ya lalata wa ƙafafu. Waɗannan ma bai sallame su ba. Ya ci gaba da ciyar da su da jinyarsu, yana neman hanyar fitar da su kaɗan-kaɗan, alhali masu adduna suna kai da kawowa a bakin ƙofarsa. Daga baya ƙungiyar Human Rights Watch ta ba shi lambar yabo a 2014, amma ranar da ya fita neman masu rai ba wanda ya yi masa alkawarin zai dawo gida.

Ba shi kaɗai ba ne. A Boali, Fada Xavier Fagba ya tara Musulmi fiye da 600 a cikin cocinsa, aka yi ta harbin bangon cocin, mutanen garin da yake yi wa hidima suka juya masa baya. A Carnot, garin lu'ulu'u, Fada Justin Nary ya ɓoye ɗaruruwa, 'yan bindiga suka zo da jarkokin fetur suka ce ko ya fito da su ko su ƙone cocin da kowa a ciki, bai fito da ko mutum ɗaya ba. A watan Mayu 2017 da aka afka wa unguwar Tokoyo a Bangassou, Musulmi suka cunkushe a masallaci ana harbinsu, Bishop Juan José Aguirre, dattijo ɗan ƙasar Sifaniya, ya je ya tsaya a gaban masallacin da farar rigarsa. An harbe limamin masallacin a wannan kewayewar. Da aka samu fitar da mutanen, kimanin 2,000, makarantar horar da limamai ta kusa da babban cocinsa ya kai su, suka zauna shekaru a can, zaman da bai zo wa kowa da sauƙi ba.

Na san wani zai ce ai waɗannan 'yan Katolika ne, tsarinsu daban, ba su da mata da 'ya'yan da za su ji wa tsoro. To ga namu. Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou shi ne shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta ƙasar a lokacin, mai iyali kamar kowane fastonmu. Tun a ƙarshen 2012, kafin Seleka su iso Bangui, shi da Akbishop Dieudonné Nzapalainga da Imam Oumar Kobine Layama suka haɗa kai suka fara zagaya ƙasar tare, mota ɗaya, suna shiga garuruwan da jami'an gwamnati suka gudu suka bari. Da Bangui ta rikice a Disamba 2013 aka fara farautar limamin, Akbishop ya ɗauko shi da iyalinsa ya ajiye a gidansa wata da watanni. Shi kuwa Fasto Nicolas, a Satumba 2015 'yan bindiga suka je gidansa nemansa, ba su same shi ba, suka wawashe gidan suka cinna masa wuta. Bai fasa tafiya da limamin ba.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan jarumtaka ba ta hana ƙasar wargajewa ba. Akasarin Musulmin yamma sun ƙare a gudun hijira a Kamaru da Chadi. Coci ma ta ci gaba da binne nata: an kashe Fada Albert Toungoumale-Baba a harin da aka kai cocin Fatima na Bangui ranar 1 ga Mayu 2018, a Nuwamban shekarar kuma aka afka wa sansanin 'yan gudun hijira na babban cocin Alindao, aka kashe mutane da dama har da limaman coci biyu. Wanda ya ɓoye maƙwabcinsa ba a ba shi takardar cewa 'yan'uwan maƙwabcin za su raga masa ba. Duk da haka akwai dubban mutane da ke raye yau, suna kiwo suna kasuwanci suna aurar da 'ya'ya, saboda wani mai gicciye a ƙirji ya tsaya a ƙofa ya ce ba za a shiga ba. Duk ranar da aka ce musu Kirista ne suka kashe danginsu, suna da abin da za su ƙara a kan maganar.

Iyayena, kun fi ni sanin Littafi, amma ku bar ni in tuna muku da wani wuri da ban cika jin an yi wa'azi a kansa ba, wato 2 Tarihi sura 28. A zamanin sarki Ahaz, sojojin Isra'ila suka ci Yahuda da yaƙi, suka kwaso mata da yara 200,000 da ganima mai yawa suka nufo Samariya. Runduna ce mai dawowa da nasara, jini bai bushe a takubbansu ba. Sai wani annabi, Oded, ya fita ya tare su a hanya. Ya ce musu gaskiya ne Allah ya ba da mutanen Yahuda a hannunku, amma kun karkashe su da fushin da ya kai har sama, ku kuma ba ku da naku laifin a gaban Ubangiji? Sai shugabanni huɗu na Ifraimu, Azariya da Berekiya da Yehizkiya da Amasa, suka miƙe suka tsaya a gaban mayaƙan garinsu suka ce ba za a shigo da kamammun nan ba. Mayaƙan suka ajiye kamammu da ganima. Daga cikin ganimar aka tufatar da waɗanda ke tsirara, aka ba su takalma, aka ba su ci da sha, aka shafa musu mai, marasa ƙarfi aka ɗora su a kan jakuna, aka raka su har Yariko wurin 'yan'uwansu. Duk lokacin da na karanta batun jakunan nan sai guragun Bossemptele su faɗo mini a rai.

Dawuda ya fuskanci abokin gaba, jama'arsa na bayansa, ya dawo mata suna yi masa waƙa. Oded da dattawan nan huɗu nasu suka fuskanta, 'ya'yan garinsu masu makami a hannu, waɗanda ke ganin suna da hujja. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye bayan hari ya san wanne ya fi wuya. Zagin maharan da ba sa wurin ba ya bukatar ƙarfin hali, kowa zai ce amin. Amma ka fito bakin titi ka sami yaran da kai ka yi musu baftisma sun tare hanya, ka kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya ka ce su kauce, a nan ne za a ce maka munafuki, an saye ka, ba ɗanka aka yanka ba. Wataƙila ma ɗanka aka yanka. Kuma a daren Getsamani, takobin da Ubangiji ya ce a mayar kube na Bitrus ne, almajirinsa, kunnen da ya warkar kuwa na bawan waɗanda suka zo kama shi ne.

Idan an ce ai mutanen Yahuda 'yan'uwan Isra'ila ne, mu fa? A cikin Angasawa da Burawa da Margi da Hausawan Kano da Katsina, gidaje nawa ne wa ke zuwa coci ƙane ke zuwa masallaci?

Ban manta da abin da aka yi mana ba, kuma ba na so a karanta wasiƙar nan kamar na manta. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilu 2014, akasarinsu 'ya'yan ikkilisiyar EYN ne. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi. Rabaran Lawan Andimi na Michika ya tsaya a kan bangaskiyarsa a hannun waɗanda suka kama shi har suka kashe shi a Janairu 2020. Leah Sharibu, 'yar makarantar da Boko Haram ta sace, ta ƙi musun Ubangijinta tana yarinya. Ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai sun gaji da haƙa manyan kaburbura. Ban ce kada mutum ya yi gadin garinsa ba, ban ce ku daina matsa wa gwamnati ta yi aikin da aka zaɓe ta dominsa ba. Ku ƙara matsawa ma. Amma ku ma kun san sauran labarin. A Yelwan Shendam an kashe Kiristoci a cikin cocin COCIN a Fabrairu 2004, a watan Mayu aka kashe ɗaruruwan Musulmi a garin, bayan 'yan kwanaki Kiristocin Kano da ba su san hanyar Yelwa ba suka biya da rayukansu. A Zonkwa a Afrilu 2011 an kashe Musulmi da yawa. A hanyar Rukuba cikin Jos, ranar 14 ga Agusta 2021, an tare matafiya Musulmi da ke dawowa daga Bauchi aka kashe fiye da 20. Waɗannan abubuwa a yankunan da majami'unmu suka fi yawa aka yi su. Ba mu cika ambatonsu a sujada ba, yaranmu kuwa suna fassara shirun da muka yi.

Ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan ya ƙi ba su hanya. Mun yaba masa, mun kai masa ziyara, ya kuma cancanci fiye da haka. Na tabbata a cikinmu ma akwai fastoci da mata 'yan zumunta da suka ɓoye maƙwabta Musulmi a ɗakunansu a Jos da Kaduna da Kafanchan. Me ya sa ba mu san su ba? Ina jin da yawansu tsoro suke ji kada 'yan'uwansu na coci su sani. Idan haka ne, abin da ya kamata ya zama abin alfaharinmu ya zama abin ɓoyo, kuma gyaran wannan yana hannunku.

Abin da na koya daga Bossemptele da Bangui shi ne ba a fara wannan aiki ranar da gari ya rikice. Fada Kinvi ya iya ratsa shingen 'yan bindiga ne domin kowane ɓangare ya taɓa kwanciya a gadon asibitinsa. Fasto da Akbishop da Imam sun riga sun saba cin abinci tare kafin harsashi ya fara tashi. Saboda haka ina roƙon malamanmu na Bukuru da Kagoro da sauran makarantu, kada ɗalibi ya karɓi takardar gamawa bai zauna an tattauna da shi a kan wannan ba: ga gawa an kawo harabar coci, ga samari sun taru, ga baƙo Musulmi ya ruga ya shigo gidanka, me za ka yi a minti goman farko? Wa za ka kira? Kana da lambar limamin garin da ta mai unguwa da ta ardo? A koya masa labarin mutanen nan da sunayensu da garuruwansu, yadda ake koya masa tarihin 'yan mishan na farko. A kuma rubuta shi da Hausa, domin mai bisharar da ke can ƙauye, wanda shi ne abin zai fara faɗo wa, da Hausa yake karatu da wa'azi.

Ku kuma shugabanni, ina roƙon majalisunku su yanke magana a rubuce, a karanta ta a kowace majami'a, cewa harabar coci mafaka ce ga duk wanda ya gudo da ransa, ko wane ne shi. Muna sa mutum a ƙarƙashin horo saboda zina ko shan giya, muna hana shi Jibin Ubangiji har ya tuba. Wanda aka san ya tare hanya ya taɓa matafiyi fa? Idan horon ikkilisiya bai kai kansa ba, mun gaya wa matasa wane zunubi ne muke ɗauka da nauyi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. A ce wani ƙaramin fasto ya yi abin da Fada Fagba ya yi a Boali. Washegari dattawan cocinsa sun haɗe masa kai, baiko ya ragu, ana jifan rufin gidansa da dare, matarsa ba ta iya zuwa rijiya. Takardar ƙorafi ta iso teburinku cewa jama'a ba sa son sa. Abin da aka saba yi shi ne a yi masa canjin wurin aiki a ce don zaman lafiya, kowane fasto a gundumar kuma ya ɗauki darasi. Ina roƙon ku gaya musu tun yanzu, da bakinku, cewa ranar da haka ta faru shugaban ikkilisiya da kansa zai zo garin ranar Lahadi, ya hau mimbarin wannan fasto, ya tsaya kusa da shi a gaban jama'a, albashinsa kuma ba zai tsaya ba. Ku sa wannan magana cikin ajandar babban taronku mai zuwa, ku kuma sanar da mu abin da kuka yanke.

Ubangiji ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ɗanku cikin Almasihu,
Wani malamin ajin matasa